'Yar Farin Jimmai

Wanda ya bi hanyar McLeansville a shekarun casa'in, idan ya baro birnin Greensboro na ƙasar Amurka ta gabas ya wuce gonakin taba, zai ga wani ɗan gida mai farin fenti, an shuka yakuwa da kuɓewa a bayansa. Gidan Jimmai ke nan. Baƙaƙen fatan da ke zaune a wannan layin sun san ta da ɗaurin ɗankwali da saurin tafiya, sun kuma san duk wanda ciwo ya kwantar, ita ce za ta fara ƙwanƙwasa masa ƙofa da kwano a hannu. Mutuniyar kirki ce, kowa ya shaida. Abu ɗaya suka kasa gane mata, wato yadda take yi da babbar 'yarta, kuma wannan abu ɗaya shi ne ya ci ta.

An haifi Jimmai a wani ƙauye kusa da Malumfashi, cikin Hausawan nan da suka karɓi Kiristanci tun zamanin kakanni, masu zuwa sujada ran Lahadi amma ba su yar da ko tsinke daga al'adun gida ba. Ita ce 'yar fari, don haka mahaifiyarta ba ta taɓa kiran sunanta ba. "Ke" ce, ko "yarinyar can". Da aka yaye ta aka kai ta ɗakin Goggo, yayar babanta, a can ta girma. Abin bai taɓa damunta ba, kuma ina zai dame ta? Duk lokacin da ta shigo tsakar gida uwar ta kau da kai, matan gidan sun samu abin tsiya ke nan. "Ke Jimmai, dubi uwarki tana wani basarwa, kamar ba ita ta rame ba da kika yi ƙyanda!" Uwar ta ruga ɗaki, a bi ta da shewa. Tun ba ta iya ɗaura zani ba ta gane cewa wanda aka fi so shi ake jin kunya, domin gari guda ne ya taru ya gaya mata.

Ta auri Istifanus, malamin gona, mutum mai sanyin hali wanda idan yana maganar taki sai ya manta tuwo na hucewa. 'Yarsu ta fari aka sa mata Perpetua, sunan sistar da ta karɓi haihuwar a asibitin mishan, suna ne da ko babu kunya sai harshe ya yi tuntuɓe a kansa. Jimmai ta yi wa yarinyar abin da aka yi mata. Ba ta goya ta a gaban mutane, ba ta kiran sunanta, kakanni da gwaggwanni suka yi ta shagwaɓa ta. Daga baya Istifanus ya samu gurbin ƙaro karatu a jami'ar da ke gabashin Greensboro, kuma a 1991 ya aiko musu su biyo shi. Perpetua na da shekara bakwai. Goggo ta ce a bar mata yarinyar, shi kuwa ya ce sam, 'yarsa sai ta yi boko mai kyau.

Istifanus bai iya zaman bene ba, ya ce mutum ba zai kwana a saman kan wani ba, shi ya sa ya kama musu haya a McLeansville, inda akwai fili da kukan zakara. A tsallaken titi akwai wata tsohuwa, Mis Odessa, wadda ta yi shekaru tana dafa abinci a makarantar firamare. Mijinta ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba. Ita ta ja su zuwa cocinsu, ɗan ginin jan bulo mai maƙabarta a bayansa, ita kuma ta ɗauki Jimmai kamar ɗaliba. Ta koya mata cewa a nan idan mota ta wuce ana ɗaga mata hannu ko ba a san mai ita ba. Idan an kawo miki abinci ba a mai da kwano haka nan. Idan an yi rasuwa ba a tambayar me ake bukata, kaza ake soyawa a tafi. Jimmai tana ji tana dariya a ranta, don duk wannan karatu ta sauke shi tun a ƙauye. Har ta ce wa mijinta, "Maigida, ashe mutanen nan Hausawa ne, yaren ne kawai ya ɓace musu."

Darasi ɗaya ne ya gagare ta. Mutanen wannan coci ba sa barin ƙauna a ciki. Rungumar juna suke yi a bakin ƙofa, gardi ya miƙe a tsakiyar sujada yana hawaye yana cewa yana son matarsa, faston kuma kusan kowane mako sai ya ja kunne cewa wanda kake ƙauna ka gaya masa yau, kada ka jira sai ya kwanta a bayan ginin nan. Jimmai takan sunkuyar da kai ta ji kamar ita aka tsiraita.

Wata Lahadi Perpetua ta tsaya gaban jama'a ta kawo haddar da aka ba yara, da Turancinta sabo fil, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Coci ya ɗauki tafi. Yarinyar ta sauko tana neman idon uwarta, uwar kuwa ta kafa wa takalminta ido, zuciyarta na neman fasa ƙirji don murna. Da yamma suna ɓarar wake a barandar Mis Odessa, tsohuwar ta dube ta ta saman tabarau.

"Jimmai, yarinyar nan ta yi miki wani abu ne?"

"A'a, Mama."

"To me ya hana ki rungume ta?"

Jimmai ta laluba ɗan Turancinta, abin da ta samo kaɗan ne. "Ita ce ta fari."

"To sai me?"

Sai me? Ai an gama magana. A gida da ta faɗi haka kowa zai gyaɗa kai. Ta yi murmushi ta ci gaba da ɓara, ta bar tsohuwar da baki buɗe.

Shekara na zagayowa ta haifi Bebi. A kan Bebi babu kunya, don haka duk abin da ta danne shekara takwas ya ɓalle. Tana goya ta, tana yi mata rawa a kicin, tana yi mata kirari, tana kiran sunanta har a gaji da ji. Ita kanta ta koma Maman Bebi, mijin ya koma Baban Bebi. Perpetua na zaune a teburin cin abinci da littafin makaranta tana kallo. A Malumfashi da wata gwaggo ta ja ta gefe ta cusa mata ƙuli-ƙuli a hannu ta ce, "Rabu da ita, ke ce ta gaban goshin." A McLeansville babu gwaggo, babu kaka, babu matan gida masu shewa. Jimmai ta ɗauko kunyarta cif ta ƙetaro teku da ita, ta baro masu yi mata fassara a baya, kuma ba ta lura ba.

Wadda ta so ta farkar da ita Hajiya Sa'adiya ce, wata Bakanuwa mai shagon kayan miya a titin High Point Road, inda Jimmai ke sayen daddawa da manja. Wata rana ta ji Hajiya ta ƙwala wa babban ɗanta kira, "Haidar!" a gaban masu ciniki.

"Hajiya! Har sunansa kike kamawa?"

"Maman Bebi, ni ai a airport na ajiye kunyata. Har I love you nake ce masa, in ce in ƙara. Yaran nan na nan ba irinmu ba ne, abin da ba su ji da kunnensu ba, to babu shi. Ki kula da babbar nan taki, na ga ta cika shiru."

Jimmai ta yi dariya har da riƙe ciki. A mota ta ce wa mijinta lallai Amurka ta gama da Hajiya.

A sanyin 1994 Mis Odessa ta zame a kan ƙanƙara a bakin ƙofarta, ƙugunta ya karye. Matan coci suka raba kwana suna kawo abinci, amma kowa ya ajiye kwano sai ya tafi gidansa. Jimmai ta samu aiki a wata masaƙa a lokacin, sai ta tashi take zuwa, ta tarar da tsohuwa ita kaɗai tana kallon silin. Abin ya tsaya mata a rai. Mace ta tsufa babu ko yaron da zai miƙo mata ruwa? Ta yi ta juya maganar, har dabara ta faɗo mata, dabarar da ta ga babu kamarta. Za ta ba Mama Odessa riƙon 'yarta. Tsohuwa ta samu 'ya, yarinya kuma ta samu wadda za ta rungume ta a fili, ta yi mata duk abin da ita uwar ba za ta iya ba, kamar yadda Goggo ta yi mata. Kuma idan za ka yi wa mutum kyautar ɗa, ai ba na baya ake bayarwa ba, wanda ya fi soyuwa ake cirewa.

Istifanus ya ɗan yi gardama. "Maman Bebi, nan fa ba gida ba ne. A tambayi yarinyar mana."

"Ni wa ya tambaye ni? Ga ni nan, na lalace ne?"

Yana fama da rubutun digirinsa, kansa ya yi zafi, sai ya ce ai tsallaken titi ne, ya koma kan takardunsa.

Ranar Asabar da hantsi ta wanke kayan yarinyar ta goge, ta jera su a akwatin da suka zo da shi daga gida. Fuskarta ba ta nuna komai ba. Ta ce, "Ke, ɗauko takalmanki, za ki koma wurin Mama." Perpetua ta tambaya da Turanci, "Har yaushe?" Jimmai ta ce, "Wuce mu tafi." Mis Odessa ta ga akwati ta zaci kwana biyu ne, ko wata rigima ce ta tashi tsakanin miji da mata da ba a so yarinya ta gani. Ta buɗe hannu daga kan gado, yarinyar ta faɗa jikinta. Jimmai ta dawo gida ta shige banɗaki ta saki famfo, ta yi kukan da ba ta taɓa yi ba, sannan ta wanke fuska ta ɗora sanwa.

Da bazara ta shigo tsohuwa ta miƙe, tana takawa da sanda. Wata yamma Jimmai na ba yakuwarta ruwa sai ta hango su suna tsallako titi, Mis Odessa a gaba, Perpetua a baya tana jan akwati. Yarinyar ta sa rigarta ta zuwa coci, an gyara mata gashi, tana tafe tana ɗan murmushi.

"Jimmai, na warke, Allah ya saka miki. Ga 'yarki na maido miki."

Jimmai ta dubi akwatin. A inda ta fito, ba a maido ɗan riƙo sai ya yi abin kunya, ko kuma ana so a yanke zumunci. Ta ajiye bokiti.

"Mama, laifi ta yi miki? Sata ta yi?"

"Wace irin sata? Yarinya ce kamar mala'ika. Amma ke ce uwarta, gidanku take so."

"A'a, Mama. Na ba ki. Taki ce." Ta haɗa hannu biyu tana roƙo, da iyakar Turancin da take da shi. "Don Allah kada ki maido ta. Don Allah."

Perpetua na tsaye a bakin shinge, ta ji kowace kalma, don da Turanci, yaren da ya zama nata, aka yi maganar. Murmushin ya ɗauke. Ba ta yi kuka ba. Ta juya akwatin da kanta ta tsallaka titi, ba ta ko duba mota ba. Mis Odessa ta daɗe tana kallon Jimmai, ta ce, "Allah ya yafe miki, 'yar nan," ta bi yarinyar. Jimmai kuwa har ajiyar zuciya ta yi, wai ta tsare mutuncin 'yarta.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Jimmai na fita masaƙa, tana dawowa da zare a gashin ido. Kowace safiya takan tsaya bayan labule har motar makaranta ta ɗauki yarinyar. Ta san ranar da ta yi tari, ta san ranar da takalminta ya matse ta, sai dai a ga sabo a barandar tsohuwa ba a san wanda ya ajiye ba. Idan ta yi dambu ko miyar taushe sai ta zuba mai yawa ta ba Bebi ta kai, ta ce, "Kai wa Mama." Perpetua ta ɗauka na Mama ɗin ne. Hausa ta zube daga bakinta kaɗan-kaɗan har ta ƙare. Ta yi tsawo, ta shiga ƙungiyar mawaƙa, aka yi mata baftisma, Mis Odessa ce ta riƙe mata tawul. Idan sun haɗu da uwarta a bakin coci takan gaishe ta da ladabi sosai, irin gaisuwar da take yi wa matar fasto. Jimmai ta ji daɗi ta ce a ranta, yarinya ta san kunya.

Mis Odessa ta sha gwada maganar, Jimmai na kaucewa da dariya. Sai a kakar 1998, da ciwon ajali ya kwantar da ita, ta kama hannun Jimmai wata rana da azahar, yarinyar na makaranta, ta ƙi saki.

"Zauna ki ji. Na yi shekara huɗu ina gaya wa yarinyar nan kina sonta. Ba ta yarda ba. Ta ce in daina yi mata ƙarya don ta ji sanyi. Ta tambaye ni me ta yi miki tun tana jaririya. Jimmai, ni tafiya zan yi. Idan ba ki buɗe bakin nan naki ba, yarinyar nan marainiya ce."

A wannan karon maganar ta shiga. Jimmai ta ji kamar an ɗaga mata labule ta ga ɗakin da ta daɗe tana share ƙofarsa, ashe babu kowa a ciki. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba ko a jirgin sama.

Aka binne tsohuwa a bayan coci. Perpetua ta dawo gidan iyayenta da akwatinta, don babu inda za ta. Tana wanke kwanonta, tana gyara gadonta, tana neman izini kafin ta buɗe firij. Jimmai ta fara koyon kiran sunan 'yarta a mota, a hanyar masaƙa, gilashi a rufe. Sai ta kai tsakiyarsa ta ji kunya ta rufe ta, mace mai shekara kusan arba'in ita kaɗai a mota tana zufa. Da ƙyar dai wata yamma a kicin, ta juya baya tana yanka albasa, ta fitar da shi.

"Perpetua."

Yarinyar ta ɗago. "Yes, ma'am?"

Ta tsaya tana jiran a aike ta. Jimmai ta buɗe baki, ta ga ashe sunan kawai ta tanada, ba ta tanadi abin da zai biyo baya ba. Ta ce, "Miƙo min gishiri." Aka miƙo mata.

Ta sake gwadawa da Hausa, ta zaunar da ita ta yi ta zuba, labarin Goggo, labarin uwarta, labarin ƙyanda. Yarinyar ta saurara har ƙarshe ta ce ba ta gane ba, a kira Baba. Istifanus ya zo ya gyara murya ya yi bayani da Turancinsa na jami'a, kamar yana gaban ɗalibai, cewa a al'adar Hausawa akwai abin da ake kira kunyar ɗan fari, kuma masana sun yi rubutu a kai. Perpetua ta gyaɗa kai.

"Na gane, Baba. Al'ada ce. Babu komai." Ta dubi uwarta babu fushi ko kaɗan a idonta, wanda da akwai shi da ya fi sauƙi. "Zan iya tafiya? Ina da aikin makaranta."

Jimmai ta yi addu'a, ta yi azumi, ta kai kukanta wurin fasto. Ya ce ta ci gaba da ƙwanƙwasawa, Allah ba ya makara. Ta ci gaba. Ta taɓa kafaɗar yarinyar sau ɗaya, ta ji jikin ya sandare kamar an taɓa ta da ruwan sanyi, har sai da ta janye hannunta.

A watan Mayu na 1999 aka yi Lahadin iyaye mata. A cocin akwai abin da suka gada: ana ajiye kwanduna biyu na furanni a bakin ƙofa, wanda mahaifiyarsa ke raye ya ɗauki ja ya maƙala a ƙirji, wanda tasa ta rasu ya ɗauki fari. Jimmai ta ɗauki ja, don tsohuwarta na nan a ƙauye. Ta maƙala wa Bebi ja. Perpetua na gabansu cikin rigar mawaƙa, ta miƙa hannu ta ɗauki fari.

Matar da ke tsaron kwandunan ta yi ƙasa da murya. "'Yata, ja ne naki. Ga mahaifiyarki nan a bayanki."

"Na gan ta," in ji Perpetua.

Ba da tsiwa ta faɗa ba. Ta shiga ƙoƙarin soka fil ɗin a rigarta, furen ya karkace ya faɗi ƙasa. Cikin mutanen da ke layi kowa ya nemi wurin da zai sa idonsa. Istifanus ya buɗe baki, Jimmai ta ɗaga masa hannu.

Ta durƙusa ta ɗauki furen, ta hure ƙurar da ta taɓa shi. Ta tsaya gaban 'yarta, wadda yanzu ta fi ta tsawo, ta kama wuyan rigar a gaban dukan jama'a, abin da ba ta taɓa yi ba tun ranar da ta haife ta. Ta soka fil ɗin a hankali, ta daidaita farin furen ya zauna sosai, don kada ya sake faɗuwa a tsakiyar sujada.

"Na gode, ma'am," in ji Perpetua, ta wuce ciki wurin mawaƙa.